Wuyan Tulu a Bangon Gabas

Tarin Furera ya girmi damina uku. Ya kama ta ne a shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ya samu wuri a ƙirjinta ya zauna. Mijinta Kassimu ya saba da shi har ya zama da shi yake gane inda take a cikin gida. In ya ji shi sama-sama, to tana gindin turmi. In kuwa ya ji shi can ƙasa, mai nauyi, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, ya san tana ɗakin tuya.

Gidan nasu yana wata 'yar unguwa yamma da Makoda, inda gonaki suka matse gidaje har mutum in ya fito daga zaure taku biyar zai yi ya shiga kunyar wani. A shekarun nan kuwa ba abin da gonakin suka ba kowa sai wahala. Fari ya zo ya maimaita, cutar shanu ta biyo baya, rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Kassimu manomi ne na gaske, ba ya wasa da fartanya, amma ruwa bai sauka ba balle a ga gwanintarsa. Abin da ya riƙe gidan, shi da 'ya'ya huɗu, hannun Furera ne. Takan soya gyaɗa, ta daka, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa dillaliya ta zo ta ɗauka ta dawo mata da wata gyaɗar da ɗan garin tuwo. Kowa a unguwar ya san haka, Kassimu ma ya sani, kuma bai taɓa yin kamar bai sani ba.

Da can a ƙarƙashin wata rumfa take tuyar, a tsakar gida, iska na kwashe hayaƙin. A shekara ta biyu ta farin Kassimu ya sauke jinkar rumfar da hannunsa ya ba sansa na noma ya ci, wai ko zai kai damina. San ya cinye ciyawar, bayan sati biyu ya mutu. Da rani ba damuwa, sai ta hura wuta a fili. Amma bana, da ruwa ya tuna da mutane ya dawo, dole ta kwashi kasko da murhu ta koma wani ɗan soro da mahaifin Kassimu ya gina don ajiya. Ɗaki ne da aka yi wa buhuna, ba a yi shi don mai numfashi ba. Ƙofa ɗaya gare shi, gajeriya, tana kallon yamma, ba taga ba kafa. Itacen kuma ɗanye ne, don busasshen an ƙone shi tuntuni.

Wata rana da azahar Kassimu ya dawo daga noma ya yi sallama bai ji amsa ba. Ya tarar da ita zaune a ƙasa a bakin ƙofar soron, ta jingina da bango, baki buɗe, tana neman iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya. A bayanta hayaƙi ne ya cika ɗakin har ba a ganin kaskon. Ta ɗaga masa hannu alamar ya dakata, za ta amsa. Amsar ba ta fito ba sai da ya kawo ruwa ya shafa mata a fuska. Tsoro ya kama shi a ranar, irin wanda bai ji ba ko lokacin da rumbu ya ƙare.

Washegari ya ari keke ya ɗauke ta zuwa ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya ɗora mata abin sauraron ƙirji, ya daɗe yana ji, sannan ya tambayi inda take girki. Da aka kwatanta masa, ya miƙo kwalbar magani ya dubi Kassimu.

"Wannan na kwana bakwai ne," in ji shi. "Hayaƙin kuwa na kullum ne. Ko dai ta bar tuya, ko ka yi wa ɗakin nan taga. In ba haka ba, kada ka ce ban faɗa maka ba."

A hanyar komawa Furera na bayan keke ta ce, "Malam, zancen barin tuya ka bar shi a nan kan hanya, kada mu shiga da shi gida."

Bai yi mata musu ba. Saura taga.

Tagar ƙarfe da siminti ba ma abin da zai kawo a ransa ba ne. Ko ladan magini na yini ɗaya ya fi ƙarfinsa. Abin da ya iya shi ne ya tafi da goro biyu wurin Baba Ɗan Iya, tsohon maginin unguwar, ya roƙe shi ya zo ya duba kawai, aikin shi zai yi da kansa. Ɗan Iya ya zo yana dogara sanda, ya sunkuya ya shiga, ya fito yana tari yana zagin wanda ya sa mace a ciki. Sannan ya koma ya ƙwanƙwasa bangayen ɗaya bayan ɗaya. Na arewa shi ne na ɗakin kwanansu, in an huda shi hayaƙin kan gado zai koma. Na kudu rumbu ya manne masa. Ya tsaya a na gabas, wanda ke fuskantar ƙofa, ya nuna da sanda.

"Nan. Daidai da ƙofa, don iska ta shigo ta can ta fita ta nan. Kamu ɗaya ƙasa da azara, kuma tsakanin azara biyu, ba a ƙarƙashin ɗaya ba. Kana da fasasshen tulu?"

"Ba za a rasa ba, Baba."

"Ka yanke wuyansa ka zura a hudar, shi ne tagarka, kakanninka ma da shi suka yi. Amma ka buɗe kunnenka. Wannan bangon gabas ne, shi ruwa ke mari. Ka karkata hudar ta sunkuya waje: bakin ciki sama, bakin waje ƙasa. Ruwa in ya zo ya zame ya koma inda ya fito. In ka gama ka zagaya ta baya ka yaɓe bakin da makuba, ka shafe shi sumul. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ya ji ɗin. Abin da bai faɗa wa tsohon ba shi ne abin da ke bayan bangon.

Bayan bangon gidan wansa ne, Malam Iliyasu, limamin unguwar. Asali gida ɗaya ne, da iyali suka yi yawa aka ja katanga aka raba, kowa da zaurensa. Kuma kusurwar da ke bayan soron nan ita ce inda Kaltume matar Malam da 'ya'yanta mata ke wanka da wanki. Huda mai sunkuyawa waje, duk wanda ya taka abu ya leƙa ta ciki, a kan duwatsun wankan nan idonsa zai sauka.

Ba wani faɗa tsakanin Kassimu da wansa, kada a ɗauka akwai. Da faɗa ne ma da ya fi sauƙi, don faɗa dattawa kan zauna su kashe shi. Iliyasu ya girme shi da shekara goma sha biyar. Da mahaifinsu ya rasu Kassimu bai isa riƙe fartanya ba, Iliyasu ne ya ciyar da shi, ya koya masa karatu da bulala a hannu, shi ya je ya nemo masa auren Furera. Bai taɓa zaluntarsa ba, bai kuma taɓa yi masa dariya ba. Yau Kassimu ya haura arba'in, ga furfura a gemu, amma in ya durƙusa gaban Yaya sai harshensa ya yi nauyi, maganar da ya shirya tun daga gona ta watse. Cikin gidan Malam kuwa rabon da ya taka shi tun ranar da aka ja katangar, don Malam ba ya son irin wasan nan na ƙanen miji da matar wa, ya kuma nuna hakan sau ɗaya, bai buƙaci maimaitawa ba.

Kwana uku Kassimu yana juya maganar. A na huɗu, bayan la'asar, ya sami Malam a zaurensa shi kaɗai, littafi buɗe a cinya. Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa.

"Yaya, dama kan jikin mai ɗakina ne. Malamin asibiti ya ce hayaƙi ne ke cinta. An ce a yi wa soron Baba 'yar kafa. To maginin ya duba, ya ce ba inda za ta yi sai bangon da ke tsakaninmu."

Malam Iliyasu ya sa yatsa a layin da yake karantawa ya ɗago.

"Ina jin tarin nata daga ɗakina. Allah Ya ba ta lafiya. Ka huda, Kassimu, wannan ai ba abin tambaya ba ne." Ya gyara zama. "Abu ɗaya dai. Ka san abin da ke bayan bangon. Kada ido ya sauka a gidana."

Sauran maganar tana nan a bakin Kassimu: cewa maginin ya ce sai hudar ta kalli ƙasa, cewa sai an shiga ta baya an yaɓe. Ya ji ta a kan harshensa. Amma Malam ya riga ya mai da ido kan littafi, kuma a wurin Kassimu faɗin wannan daidai yake da cewa, Yaya, sharaɗinka ba zai yiwu ba. Bai taɓa faɗa wa Yaya irin wannan ba tun da aka haife shi. Ya yi godiya, ya ɗauki takalminsa ya fita.

Ranar Alhamis da hantsi ya kifa turmi a gindin bangon ya hau, dagi a hannu. Furera ta ba shi wani tulu da ya tsage tun bara, cikin kayan aurenta, wanda ta kasa yarwa. Ya zana wuyan da wuƙa, ya bi zanen yana ƙwanƙwasawa a hankali har ya rabu, bai fashe ba. Ya auna kamu ɗaya daga azara, ya zana da'ira da gawayi, ya yi bisimilla ya fara.

Bangon ya yi tauri. Mahaifinsu ba ya ginin wasa, tubalin an cuɗa shi da ciyawa sosai, dagin sai ya yi tsalle ya dawo. Da ya ci kamar tafin hannu, sai aka zo inda dole a zaɓi hanya. Ya ɗaga gindin dagin, bakin ya kalli ƙasa, yadda Ɗan Iya ya ce. Ya tsaya a haka. Ya san ba wanda zai hau turmi a gidansa don ya leƙa gidan Malam. Amma ba a ce masa kada wani ya leƙa ba, cewa aka yi kada ido ya sauka, kuma huda mai kallon wurin wanka ko ba kowa a bayanta ido ce. Ya yi tunanin Kaltume za ta ɗaga kai ta ga baƙin rami yana kallonta, ta faɗa wa Malam, Malam ya aiko a kira shi.

Sai ya sauke gindin dagin, bakin ya kalli sama.

Ya ba kansa dalilai, kuma a lokacin duk sun yi kama da hankali. Shekara uku ruwa bai jiƙa bango ya kai ciki ba. Damina saura wata biyu. In an yi girbi, hannu ya ɗan buɗe, sai ya kira Ɗan Iya a yi abin da ya dace. Farin nan ba hatsi kaɗai ya cinye wa mutane ba, har da tunanin abin da ruwa ke iya yi wa ƙasa.

Kafin azahar bakin dagin ya faɗa fili. Ɓarɓashin ƙasa ya zuba ta can, ya ji kajin Kaltume sun watse. Haske ya sauko masa a fuska. Ya faɗaɗa ramin, ya zura wuyan tulun, ya cike gefe da gefe da taɓo, ya shafe ta ciki har yana ƙyalli. Ta waje kuwa sai ya tura hannu ta cikin wuyan iya inda ya kai, ya lallaɓa taɓo a makance. Ya sa ido ya leƙa don ya tabbatar. Ba abin da ake gani sai sama da reshen wata kuka can nesa. Ya sauko daga turmin zuciyarsa wasai.

Da Furera ta hura wuta da yamma, su biyu suka tsaya suna kallo. Hayaƙin ya taru a rufi kamar yadda ya saba, ya ɗan yi jim, sannan ya miƙe ya bi wuyan tulun ya fita kamar ana jan igiya. Furera ta daɗe tana kallon ramin.

"Ashe ɗakin nan yana da sama," in ji ta.

Makonni uku da suka biyo baya su ne mafi daɗin da gidan ya gani a shekarun nan. Tarin bai tafi ba, amma ya sassauta, ya bar ta tana barci. Idanunta suka daina ja. Ta koma tsokanarsa kamar farkon aurensu, in ya shigo sai ta ce sannu da zuwa sarkin magina, yau gidan wa za a huda. Da safe rana kan shigo ta ramin ta sauka a kan tukunyar mai, ita kuma ta ce ai har agogo ya yi mata. A gona gero ya yi duhu, ya wuce kafaɗa, irin wanda aka manta kamanninsa. Kassimu ya fara yarda cewa sun tsallake.

Sai hadari ya taso daga gabas wata ranar Litinin da rana tsaka, da iska a gabansa. Ruwan bai sauko a tsaye ba, a kwance ya zo, ya rinƙa dukan bangon. Wuyan tulun da ke kallon sama ya karɓe shi kamar indararo ya juye cikin ɗaki, a kan murhu. Furera ta ja kaskon gefe, ta tara kwano, har tana dariya wai yau an kawo mata ruwa har gida. Wanda ya zubo a kwano shi suka gani. Wanda ya bi ta gefen wuyan, ta inda hannun Kassimu bai kai ba, ya sulale cikin tubalin, ba wanda ya gan shi.

Daga ranar marka ta kafu. Ruwa safe, ruwa yamma, yayyafi a tsakani, kwana tara rana ba ta fito ta yi awa guda ba. Manoma suna ta hamdala. A kwana na shida Kassimu ya lura da wani duhu a bangon, ƙarƙashin ramin, faɗin faifai. A na takwas ya kai faɗin tabarma, yaɓen ya kumbura, in ya danna da yatsa sai ya lotsa. A na tara tsaga ta tashi daga bakin ramin ta nufi azara.

Ɗan Iya ya zo cikin yayyafi da buhu a ka. Ya dubi ramin, ya dubi Kassimu, ya sake duban ramin.

"Wa ya ce ka juya shi?"

"Baba, bayan nan wurin wankan iyalin Yaya ne."

"Ni bango na sani, ban san tsakaninka da wanka ba." Tsohon ya tura sanda a jikin ginin, ta shige kamar a tuwo. "Ya sha ruwa har tsakiya. Yanzu in ka ce za ka gyara hudar, rufin nan a kanka zai sauko, ko a kanta. Ka nemo gungume ka tokare azarar yau ɗin nan. Ka zare tulun, ka cusa duwatsu da busasshiyar ƙasa, ka toshe. Kada kowa ya ƙara taɓa bangon nan sai rani ya busar da shi."

"Baba, to ita fa?"

Ɗan Iya ya zare sandarsa. Ya gyara buhun kansa ya fita, a bakin ƙofa ya tsaya ya yi wa Furera sannu, da murya mai taushin da ba a san shi da ita ba.

Kassimu ya sake hawa turmin. Toshewar ba ta ɗauki rabin lokacin da hudawar ta ɗauka ba. Da dutse na ƙarshe ya shiga, ɗakin ya koma yadda yake. Furera na tsaye a ƙofa da zani a ka, ta ga yadda ya kasa juyowa ya dube ta.

"Ba komai, Malam," in ji ta. "Da ma can haka muke."

Ya hana ta tuya. Ta bi maganarsa kwana biyu, yaran suka ci tafasa da gishiri. A rana ta uku ya dawo daga gona ya tarar ta hura wuta, bai hana ta ba, don ba shi da abin da zai ajiye a madadin. Suka gwada a tsakar gida, ya riƙe mata tabarma a sama, yayyafi ya faɗa cikin tafasasshen mai ya fallatsar mata a hannu, ƙulin ranar ya lalace. Ya ce to shi zai toya, ta zauna daga waje tana faɗa masa. Ya shiga, hawaye da majina suka rufe shi kafin kasko ɗaya ya yi, ya ƙona rabi, ya fito yana haki. A ranar ya san abin da take shaƙa tun farkon damina, ya kuma ji kunyar da ba ta da wurin ɓuya. Ta karɓi matsamin daga hannunsa ta koma ciki.

Lissafinsu ɗaya ne, su kai sabon gero. Sati biyar ne, in Allah Ya yarda. Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ido. Tarin kuma ya sauka can ƙasa ya ƙi tasowa. Ta fara kwana a zaune. Aka koma ɗakin shan magani, aka ba da wata kwalbar, malamin bai ƙara cewa komai game da taga ba, ya dai dubi Kassimu. A sati na huɗu ta kasa tashi. Ranar da Kassimu ya karyo tumun farko ya gasa ya kawo mata, ta karɓa ta riƙe, ta shinshina, ta ce a ba yara. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ta cika.

Malam Iliyasu ne ya yi mata salla. Mutane suka cika zauren kwana uku, kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare, Kassimu ya ce haka ne. Ranar sadakar uku, bayan azahar, da aka watse, Malam bai tashi ya koma gidansa ba. Ya zauna har zauren ya zama su biyu.

"Kaltume ta ce mini tun tsakiyar damina ta daina ganin hayaƙi ta bangon nan," in ji shi. "Na ɗauka wani wurin aka sake mata. Mu je in ga tagar."

Kassimu ya shige gaba. Malam ya sunkuya ya shiga soron, ya tsaya har idonsa ya saba da duhun. Ga gungumen da ya tokare azara, ga tabon ruwa a bango, ga inda aka cusa duwatsu. Warin tsohon hayaƙi ya sa shi tari. Ya tambayi abin da ya faru, Kassimu ya faɗa masa tun daga farko, kansa a ƙasa, bai rage komai ba.

"Magini ya ce ta kalli ƙasa," in ji Malam a hankali.

"Haka ya ce."

"Kai kuma ka sa ta kalli sama."

"Ka ce kada ido ya sauka a gidanka, Yaya."

"Na ce."

Malam ya dubi inda aka cusa duwatsun. Da ya sake magana muryarsa ba ta limamin da aka sani ba ce.

"Kassimu, akwai tsohuwar zana jingine a bayan rumbuna, tun bara awaki ke cin gefenta. Dirka biyu ne da igiya. Da na kafa ta a gaban hudar, taku ɗaya daga bango, hayaƙi ya fita ta sama, ido ya tsaya a zana. Yaɓen wajen kuma da ni da kaina zan yi maka. Aikin da ba zai kai daga azahar zuwa la'asar ba. Me ya hana ka faɗa mini?"

Kassimu ya dubi bangon. Zana. Ya yi kwanaki yana juya maganar nan a gona da kan shimfiɗa, ya auna sama ya auna ƙasa, bai taɓa kawo cewa akwai abin da za a iya yi daga ɗaya gefen ba, don bai taɓa kawo cewa ana iya roƙon Yaya ya yi wani abu ba.

"Ajali ne," in ji Malam, kamar mai neman abin riƙewa. "Ba wanda ke ƙara wa rai ko..." Bai ƙarasa ba. Ya sake tambaya, wannan karon kusan da roƙo. "Me ya hana ka, Kassimu?"

Kassimu ya ɗago ya dubi wansa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Tsoronka nake ji, Yaya. Tun ina yaro nake jin tsoronka."

Bai faɗa da fushi ba, kuma da ya faɗa bai ji sauƙin komai ba. Malam Iliyasu ya miƙa hannu zai dafa bango, ya tuna ba a taɓa shi, ya janye. Sai ya zauna a ƙasa, a gefen murhun, cikin toka, da farar rigarsa. Can waje ladan ya kira la'asar. Mutane suka yi alwala suka tsaya suna jiran liman, shi kuwa yana nan zaune yana kallon inda aka toshe.